Zoben Giyayya

Mun iso Zina ruwa ya ja da baya,
laka ta tsattsage kamar dunduniyar mai kaushi,
shanu sun gangaro suna bin ɗanyar ciyawa.
Ni da jakata da mahujin ƙarfe,
da littafin da Malama ta ba ni a Marwa.

Baba Alifa ya ɗaure kwalekwale jikin giyayya,
ya ɗaga sanda ya nuna zanen laka a ɓawonta,
ya ɗara kaina da kamu guda.
Ya ce, nan ruwan bara ya tsaya.

Na ce wa itaciyar gafara dai,
na kafa mahuji daidai ƙirjina,
ina murɗawa tana kuka
kamar ƙyauren da ya shekara a rufe.
Abin da ya fito bai wuce tsinken tsire ba,
ɗanye, da ƙanshin sabon turmi.
Na toshe ramin da kakin zuma, muka wuce.

Da dare, a ɗakin da mai gari ya ara mana,
na goge shi da samfefa har ya yi sheƙi,
na kanga madubi kusa da fitila,
na fara ƙirga daga ɓawo zuwa zuciya.
Bara. Bara waccan. Goma. Ashirin da shida,
shekarar da aka haife ni ke nan,
ba ta fi maƙwabtanta da komai ba.
Na ɗan ji haushi.

Can a na hamsin da huɗu zobe ya tsuke,
siriri kamar silin gashi.
Na ɗiga fensir na rubuta: fari.

Baba Alifa yana gefe yana ɗinkin koma.
Ya tambayi shekarar, na faɗa,
ya lanƙwasa yatsu, ya warware, ya sake lanƙwasawa,
sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Fari, 'yar nan?
A bana ɗin nan cikin jirage muka yi sallar idi.
Wata biyar ruwa bai kwashe kayansa ba.
A kan tudun tururuwa aka haifi Falmata,
kifi ya yi yawa har gishiri ya ƙare a kasuwa,
da kuɗinsa na sayi rediyona na fari.
Ita kuwa giyayyarki ruwa ya kai mata iya wuya.
Wanda ke cikin ruwa iya wuya ba ya cin tuwo,
numfashinsa yake riƙewa.

Na dawo baya da tsinin fensir,
zuwa shekarun da aka tare ruwa a Maga.
Zobe uku masu faɗi, sun sha iska sun yi ƙiba.
Ya leƙa madubin da ido ɗaya.
Ya ce, lokacin nan muke sayar da komarmu,
ƙanena ya tafi Kusiri dako, bai dawo ba,
ita tana nan tana teɓa.

Bayan ukun sai suka sake tsukewa,
bakwai a jere, kamar haƙoran matsefi.
Wannan kam ƙishirwa ce, bai musa ba.
Na jera su kusa da na shekarar kifi,
na juya madubi, na matso da fitila.
Ramar nutsewa da ramar ƙishirwa,
a idona dai kamarsu ɗaya.

Na goge kalmar da na rubuta,
takardar ta ɗan ƙuje a wurin.
Na ja sabon layi daga sama har ƙasa,
na sa masa suna: abin da Baba ya ce.

Saura itace ashirin da tara kafin Laraba.
Da asuba na ji shi a bakin gulbi
yana kwarfe ruwa daga kwalekwale da ƙoƙo,
yana faɗa wa wani mai shanu
cewa yarinyar Marwa ta zo tambayar itace shekarunsa.